Shin Kiristan da bai yi arziki ba bangaskiyarsa ce ta gaza?

Bitrus_Kagoro:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina da tambaya wadda nake roƙon dattawa da malaman da ke wannan zaure su taimake ni da amsarta. A taron farkawa da aka yi a gundumarmu makon jiya, baƙon mai wa'azi ya karanta Malakai 3:10 mai maganar kawo zakka da 3 Yahaya aya ta 2 mai fatan wadata da lafiya, sannan ya ce duk Kiristan da ya daɗe cikin bangaskiya amma har yanzu yana gidan haya, to ya binciki kansa, domin ko dai yana cin zakkar Allah ne, ko kuwa bai taɓa shuka iri ba, wato ba da baikon kuɗin da ya ji zafin fitarsa don Allah ya riɓanya masa. Daga nan ya kira masu iya ba da naira 100,000 su fito gaba ya ɗora musu hannu, sai masu 50,000, sai masu 20,000, har ya sauko kan 5,000, mu sauran kuma aka yi mana addu'a ɗaya muna tsaye a wurarenmu. Abin bai kwanta mini a rai ba, amma ba na so in yi wa bawan Allah shari'a cikin rashin sani. Shin Littafi Mai Tsarki ya yi alkawari cewa kowane mai bi zai yi arziki a wannan duniya muddin bangaskiyarsa ta cika? In kuwa bai yi ba, mece ce albarkar da muke roƙo kullum?

Iliya_Numan:
Ɗan'uwa Bitrus, ban goyi bayan jera mutane bisa yawan kuɗinsu ba, amma ina roƙon kada kuskuren mai wa'azi ɗaya ya sa mu yi watsi da gaskiyar da ke cikin Littafi. Farawa 13:2 ta faɗa a fili cewa Ibrahim mai arziki ne ƙwarai, yana da dabbobi da azurfa da zinariya, kuma ba don a kushe shi aka rubuta haka ba. Maimaitawar Shari'a 8:18 ta ce Ubangiji ne yake ba mutum ikon samun dukiya. Ayuba ma da muke yawan kafa hujja da wahalarsa, a ƙarshe an ninka masa abin da ya rasa. Ni na tashi a ikilisiyar da ake kallon saurayi mai ƙwazon neman kuɗi kamar wanda ya fara ja da baya. Mahaifina ya yi aikin bishara a ƙauye har ƙarfinsa ya ƙare, ya ajiye aiki ba shi da ko ɗaki ɗaya na kansa, kuma waɗanda suka yi ta yabon haƙurinsa ba su biya mana kuɗin makaranta ba. A ikilisiyar Fentikos da nake zuwa yanzu ne aka fara ce mini talauci ba gadona ba ne, aka koya mini rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da cika alkawarin lokaci, da rabuwa da burkutu. Yau ina da shagon walda da yara masu koyon aiki. Idan wannan ne ake kira bisharar wadata, to ni na ci moriyarta.

Dattijo_Haruna:
Ɗana Iliya, Allah ya ƙara wa sana'arka albarka. Babu wanda ya ce dukiya zunubi ce, kuma abin da aka yi wa mahaifinka abin kunya ne ga ikilisiya. Sai dai Bitrus ya tambaya ne ko an yi wa kowane mai bi alkawari, kuma a nan ne nake ganin an sa ayoyin nan sun faɗi abin da ba su faɗa ba.

3 Yahaya gajeriyar wasiƙa ce da aka rubuta wa wani mutum mai suna Gayus, aya ta 2 kuwa gaisuwa ce da fatan alheri, irin wadda mu ma muke buɗe wasiƙa da ita. Malakai kuma yana magana ne da jama'ar Isra'ila bayan dawowarsu daga Babila, a zamanin da suka yi sakaci da rabon Haikali. Nehemiya 13 ta nuna cewa har Lawiyawa sun watse zuwa gonakinsu saboda ba a ba su nasu ba. Zakkar da ake magana a kanta hatsi ce da mai da ruwan inabi, manufarta kuwa a sami abinci a gidan Ubangiji. Wanda ya duba Maimaitawar Shari'a 14:28-29 zai ga cewa kowace shekara ta uku ana tara zakkar a cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Gwauruwa tana cikin masu karɓa ke nan, amma yau ita ake tsoratarwa da la'ana idan ba ta kawo ba.

Batun gidan haya kuwa, Bitrus, ka buɗe Ayyukan Manzanni 28:30. Manzo Bulus ya yi shekara biyu cur a Roma a cikin gidan da yake haya, yana tsare, yana karɓar duk mai zuwa wurinsa. Shi ne kuma ya lissafa yunwa da ƙishirwa da sanyi da rashin sutura cikin abubuwan da ya sha a 2 Korintiyawa 11:27.

Lami_Kafanchan:
Baba Dattijo, na sha karanta Ayyukan Manzanni amma ban taɓa lura da wannan aya ba sai yau. Mu masu zama a gidan haya mun gode.

Alheri_Abuja:
Ina gaishe ku iyaye da 'yan'uwa. Cikin girmamawa, ina jin tsoron kada mu nuna Allah kamar uban da bai damu da abin da 'ya'yansa za su ci ba. Ni ina da shaida. Bayan na gama hidimar ƙasa na daɗe ina yawo da takardu babu aiki, sai a taron ƙarshen shekara na ba da ɗan abin da ya rage a hannuna gaba ɗaya, na koma gida a ƙafa, kuma kafin Ista aka kira ni aiki a wurin da ban san kowa ba. Wa zai ce mini wannan dace ne kawai? Galatiyawa 3:13-14 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a domin albarkar Ibrahim ta zo ga al'ummai. 2 Korintiyawa 8:9 ta ce ya talauce saboda mu domin mu wadata. Luka 6:38 ta ce mu bayar za a ba mu mudu a cike har yana zuba. Sannan ina tunatar da mu mu yi hankali da bakinmu a kan bayin Allah, domin Zabura 105:15 ta hana a taɓa shafaffunsa.

Rifkatu_Mubi:
'Yar'uwa Alheri, na yi murna da aikin da kika samu, kuma ban isa in ce ba Allah ne ya ba ki ba. Ina roƙon ki saurari tawa shaidar. Ni 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya. A watan Oktoba na 2014, lokacin da Boko Haram suka shiga Mubi suka kuma mamaye hedkwatar ikilisiyarmu da ke Kwarhi, mun fita da kayan da ke jikinmu kawai, muka bi ta duwatsu zuwa cikin Kamaru kafin daga baya mu zagayo Yola. Mahaifiyata mace ce da ba ta taɓa kai gyaɗa ko dawa rumbu ba sai ta fid da zakka. Na girma ina ganinta zaune a tabarma tana awo da kwano tana ƙirgawa da baki, idan ta kai na goma sai ta juye shi a wani buhu dabam wanda ko mahaifinmu ba ya taɓawa. Rumbunan nan duka an ƙone su. A sansanin 'yan gudun hijira wani mai wa'azi ya zo ya ce mu binciki rayuwarmu, wai mai cinye amfanin gona da Malakai ya ambata ba ya shiga gidan mai fid da zakka. Mahaifiyata ba ta ce uffan ba, amma ta daina cin abinci tana ta neman zunubin da ta yi. Wannan ne ya sa ba zan taɓa amincewa da koyarwar nan ba: bayan an kwashe wa mutum komai, sai a zo a kwashe masa tabbacin cewa Allah yana tare da shi.

Rabaran Lawan Andimi, shugaban Ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) na Michika, an kashe shi a watan Janairu na 2020. Leah Sharibu da aka ɗauke daga Dapchi a 2018 an riƙe ta ne saboda ta ƙi musun bangaskiyarta. Wanda ya ce bangaskiya cikakkiya tana kare mutum daga rashi da wahala, ya gaya mini abin da ya rage a tasu. Ibraniyawa 11 da muke son karantawa ba ta tsaya kan waɗanda suka rufe bakin zakoki ba, ta ci gaba da waɗanda aka jajjefe, da waɗanda suka yi yawo a hamada da kogwanni cikin matsananciyar bukata, kuma duka biyun ta ce an yi musu shaida saboda bangaskiya.

Malama_Talatu:
Allah ya ta'azantar da ku, Rifkatu. Alheri ƙanwata, ina da magana biyu a kan abin da kika rubuta. A taron da kika ba da kuɗinki ba ke kaɗai ce kika ba da na ƙarshe ba. Cikin waɗanda suka koma gida a ƙafa a daren nan akwai waɗanda har yau ba a kira su aiki ba, sai dai su ba a miƙa musu lasifika ranar Lahadi, saboda haka jama'a suna jin labarin wanda ya samu ne kawai. Wanda bai samu ba kuma idan ya yi ƙorafi sai a ce masa bangaskiyarsa ce ta yi rauni, ko irin ya yi kaɗan, ya ƙara. Ta kowace fuska mai karɓar kuɗin ba ya faɗuwa.

Na biyu, ki karanta 2 Korintiyawa 8 daga farkon surar. Bulus yana tara gudunmawa ne domin matalautan tsarkaka da ke Urushalima, kuma waɗanda ya kafa misali da su, wato ikilisiyoyin Makidoniya, ya ce suna cikin matsanancin talauci. Bai ce sun bayar sai suka zama attajirai ba. Abin da ya nema a aya ta 13 da ta 14 shi ne daidaito, mai yalwa ya cike gibin marar shi. Galatiyawa 3:14 kuma ita da kanta ta bayyana cewa abin da muke karɓa ta wurin bangaskiya shi ne Ruhun da aka yi alkawari. Gwada wa'azi da Littafi ba taɓa shafaffe ba ne, tun da an yaba wa mutanen Biriya ne saboda sun riƙa bincika Littattafai kowace rana don su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake.

Malam_Dauda_Wusasa:
Zan ɗan kawo tarihi, domin da yawa cikin matasanmu suna tsammani haka ake wa'azi tun fil azal. Koyarwar a siffarta ta yau daga Amurka ta taso bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Oral Roberts ne ya yaɗa batun shuka iri na bangaskiya, Kenneth Hagin na birnin Tulsa ya ƙarfafa koyarwar cewa abin da mai bi ya furta da bangaskiya zai samu, Kenneth Copeland da wasu suka ɗora a kai. A Najeriya wanda ya fi buɗe mata hanya shi ne Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya yi karatu a Dallas a farkon shekarun 1970 ya kuma rasu a 1998. Kada kuma mu ɗauka abin na kudu ne kawai, domin ikilisiyar Living Faith ta David Oyedepo a Kaduna ta yi ƙarfi a shekarun 1980 kafin hedkwatarta ta koma kudu, inda aka buɗe majami'ar Ota mai kujeru 50,000 a 1999.

Lokacin da ta bunƙasa shi ma abin lura ne. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, darajar naira ta faɗi, albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata, masu digiri suka fara yawon neman aiki. Mutumin da gwamnati ta juya masa baya, idan ya ji mai cewa akwai hanyar da Allah zai ɗaga shi a cikin wata uku, dole ya saurara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuma mun sake shiga irin wannan yanayi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Hagin da kansa ya fitar da littafi a shekara ta 2000 yana gargaɗin almajiransa a kan wuce gona da iri, har da alkawarin riɓi ɗari a kan kowane baiko da auna ibada da yawan dukiya. Babban taron masu bishara na duniya na ƙungiyar Lausanne da aka yi a Cape Town a 2010, bayan shawarwarin da malaman tauhidi suka yi a Akropong ta ƙasar Ghana, ya amince cewa Allah yana yin mu'ujiza yana kuma son lafiyar mutane da ci gabansu, amma ya ƙi koyarwar cewa dukiya kullum alamar yardar Allah ce, ko cewa talauci da ciwo kullum alamar la'ana ne ko rashin bangaskiya. Waɗanda suka kawo mana bishara ma ba haka suka rayu ba. Cikin mutum uku na ƙungiyar mishan ta SIM da suka iso a 1893, Walter Gowans da Thomas Kent sun mutu a shekarar da ta biyo, Rowland Bingham ne kaɗai ya koma da rai.

Iliya_Numan:
Malam Dauda, na gode da tarihin, amma ku ƙarasa shi. Ayyukan mishan irin su asibitin Vom da makarantun Gindiri da aikin Garkida ba da haƙuri kaɗai aka gina su ba, kuɗi aka kashe, kuma Kiristoci masu abin hannunsu ne a ƙasashen waje suka aiko da shi. Mun karɓi kuɗin masu arzikin wata ƙasa muna godiya, amma muka koya wa namu 'ya'yan cewa neman arziki son duniya ne. Yau da Turawan suka tafi, wa zai riƙe waɗannan wurare idan dukanmu matalauta ne? Sannan ina so 'yan tsofaffin ikilisiyoyi su duba nasu gidan. Ba sa cewa shuka iri, gaskiya ne, amma harajin gini da na gunduma da na taron shekara ba ya yankewa, kuma ranar ƙaddamar da asusu babban baƙo ne yake zama a gaba ana kiran adadin da ya bayar ana tafi.

Lami_Kafanchan:
A wannan ɗan'uwa Iliya ya faɗi gaskiya. Na ga inda tsohuwa ta rasu, wadda ta yi shekara da shekaru a zumuntar mata, aka ɗauko katinta aka ce akwai bashin haraji, sai 'ya'yanta sun biya kafin a tsayar da ranar jana'iza. Gawa tana ɗakin ajiya kuɗi yana hawa, yara suna yawon rance. Ikilisiyar nan ba ta wa'azin wadata ko kaɗan, amma ni ban ga bambancin wannan da abin da ake zargin wasu da shi ba.

Mama_Saratu_Jos:
'Ya'yana, ni ma'aikaciyar jinya ce mai ritaya, kuma ɓangaren da ya fi damuna shi ne na lafiya, domin masu alkawarin dukiya su ne masu alkawarin cewa mai bi ba ya ciwo. Akwai wata mata da aka ce sai an yi mata aikin ƙari a mahaifa. Mijinta ya sayar da awaki, dangi suka haɗa sauran, aka tsayar da rana. Ba ta zo ba. Bayan watanni aka kawo ta a kwance a bayan mota, tafin hannunta da cikin idonta fari fat saboda jini ya ƙare, tana riƙe da kwalbar mai da hankici. Ashe ta kai kuɗin wurin addu'ar dare ne, aka ce mata ta shuka shi kada ta ba likita, wai zuwa asibiti bayan an yi mata addu'a shakka ce. Sai da muka nemi masu ba da jini kafin a iya taɓa ta, kuma kuɗin ya ninka. Ta rayu, mun gode wa Allah, amma kunya ta hana ta ɗaga kai ta dubi mijinta. Ni na gaskata Allah yana warkarwa, na kuma ga waɗanda likita ya sallama suka tashi. Amma Bulus ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, ya shawarci Timoti a kan ciwon cikinsa, kuma da almajirai suka tambaya zunubin wa ya sa aka haifi mutumin nan makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne ba kuma na iyayensa ba.

Fasto_Ayuba:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma zan yi magana a matsayin mai tsayawa a bagade. Iliya da Lami sun taɓa wuri mai ciwo, ba kuwa zan kare shi ba. Yakubu 2 ta hana a ba mai zoben zinariya kujera mai kyau a ce wa matalauci ya tsaya can, kuma ba ta ware wata ɗarika ba. Riƙe gawa saboda bashin haraji ba shi da tushe a Littafi ko kaɗan.

Sai dai ku san irin matsin da ke bayan abin. Ubangiji ya umarta masu wa'azin bishara su ci daga bishara, kamar yadda 1 Korintiyawa 9:14 ta faɗa, amma akwai masu bishara a ƙauyuka da sukan yi watanni ba a biya su ɗan abin da aka yanka musu ba, ga yara a makaranta, ga rabon da hedkwata take jira. Irin wannan mutum idan ya ga maƙwabcinsa ya canza salon wa'azi ya sayi mota, jarabar ba ƙarama ba ce. Akwai ma baƙin masu wa'azi da tun kafin su zo ake yarjejeniya da su a kan kason da za su ɗauka daga abin da suka tara, shi ya sa kiran baiko yakan fi wa'azin tsawo. Dattawan da suka amince da irin wannan ciniki suna da rabo a laifin.

A wurina iyakar tana nan ne: Allah yana ba da arziki, kuma daidai ne mu roƙe shi abinci da aiki da lafiya, amma ba a sayen alherinsa. Saminu na Samariya ya miƙa kuɗi don ya sami baiwar Allah, Manzo Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi. Elisha ya ƙi karɓar komai daga Na'aman bayan warkarwa, Gehazi da ya bi shi a baya ya karɓa kuwa kuturta ta kama shi. Da zarar an mai da baiko adashi, ka zuba ka jira ranar ɗauka, to ya daina zama sujada. 2 Korintiyawa 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba, kuma tsoratar da mutum da la'ana tilas ne.

Yohanna_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan Kiristoci kaɗan ne, yawancinmu kuma manoma ne da ƙananan ma'aikata, amma koyarwar ta iso mana ta tashoshin tauraron ɗan'adam da wayoyin hannu da masu wa'azin da ke tsallakowa daga Najeriya. Manomi yana da wuyar ruɗuwa da ita, domin ya san cewa idan damina ta yi gardama gonar Kirista da ta maƙwabcinsa Musulmi tare suke bushewa, idan ta yi kyau tare suke cika rumbu, kamar yadda Matiyu 5:45 ta ce ana sauko da ruwa a kan masu adalci da marasa adalci. Ranar godiyar kaka kowa yakan kawo damin geronsa gaban bagade ne saboda abin da ya riga ya samu, ba don ya sayi na baɗi ba, kuma dattawa sukan ware wani kaso domin gwauraye idan bazara ta yi tsanani. Matasan birni ne suka fi kamuwa. A watan Janairu na 2015 da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, wuta ba ta tambayi wace ikilisiya ce take wa'azin wadata ba. Duk da haka na yarda da Iliya cewa ba a riƙe asibiti irin na Galmi da hannu wofi.

Istifanus_Bauchi:
Ina so in ƙara cewa wasu daga cikin manyan masu wannan koyarwa sun fara janyewa. A 2019 Benny Hinn ya fito ya ce ya daina sa farashi a kan albarka. A watan Oktoba na 2024 Fasto Adeboye na ikilisiyar Redeemed (RCCG) ya nemi gafara a gaban taron matasa saboda ya taɓa cewa wanda ba ya fid da zakka ba zai shiga sama ba, ya ce wannan ba ya cikin Littafi. Riɓi ɗarin da ake ta ambato daga Markus 10:30 kuwa, a cikin ayar nan ɗaya Yesu ya ce tare da tsanani za a karɓe shi, amma ban taɓa jin an karanta ta har wurin ba a lokacin kiran baiko.

Alheri_Abuja:
Ɗan'uwa Istifanus, Baba Adeboye bai ce a daina fid da zakka ba, a wannan jawabin ma ya ƙarfafa mutane su wuce kashi goma. 'Yar'uwa Rifkatu, labarin Mama ya sa ni hawaye, kuma wanda ya faɗa mata wannan magana bai yi daidai ba. Amma ni ba zan fasa gaskata cewa Allah ya ga baikona ya amsa ba. Har yanzu kuma babu wanda ya ce komai a kan Luka 6:38.

Malama_Talatu:
Ƙanwata, ayar tana cikin sashen jawabin Yesu da ya fara da ƙaunar maƙiyi, da ba da rance ba tare da sa ran a mayar ba, da yin jinƙai, da barin yanke wa mutane hukunci. Wanda ake ba a wurin shi ne mabukaci da wanda ya yi maka laifi, babu maganar kai kuɗi gaban mai wa'azi. Ban musa cewa Allah yana sāka wa mai bayarwa ba, Karin Magana 19:17 ma ta ce mai jin tausayin matalauci Ubangiji yake ba rance. Abin da na musa shi ne wani ya tsaya ya yanka adadin, ya yanka ranar biya, ya kuma sa kansa a matsayin mai karɓa.

Mai_Kula_da_Zaure:
'Yan'uwa, mun gode da natsuwar da aka nuna. Ina tunatar da mu cewa rabin tambayar ɗan'uwa Bitrus na biyu bai sami amsa sosai ba, wato mece ce albarkar da muke roƙo idan ba a yi wa kowa alkawarin arziki ba.

Dattijo_Haruna:
Zan faɗi iyakar fahimtata. Akwai abin da aka yi wa kowane mai bi alkawari babu togiya: gafarar zunubi, zama ɗan Allah, Ruhu Mai Tsarki, kasancewarsa tare da mu, da tashin matattu. Afisawa 1 ta jera su ta kuma kira su albarka. Akwai kuma abin da aka ce mu roƙa muna dogara ga hikimarsa, kamar abincin yini da lafiya da aikin hannu, yakan ba wani da yawa, wani daidai bukata, wani kuma ya bi da shi ta hanyar rashi ba tare da ya bayyana masa dalili ba. Agur ya roƙa a Karin Magana 30 kada a ba shi talauci ko dukiya, don kada ya ƙoshi ya yi musun Ubangiji, ko ya rasa ya yi sata. Ayar nan da matasa suke rubutawa a bayan babur, cewa zan iya yin komai ta wurin wanda yake ƙarfafa ni, Bulus ya rubuta ta ne yana tsare, kuma abin da yake cewa zai iya shi ne zama cikin ƙoshi da zama cikin yunwa.

Iliya_Numan:
Baba, ban ƙi ko ɗaya daga cikin abin da kuka faɗa ba, amma damuwata tana nan. Yaran da suke zuwa shagona neman koyon aiki yawancinsu daga tsofaffin ikilisiyoyi suka fito, sun haddace ayoyin haƙuri, amma babu wanda ya taɓa zama da su ya nuna musu yadda ake fara sana'a ko ya ranta musu jari. Suna barin ikilisiyoyinku ne saboda a ikilisiyoyin masu wa'azin wadata ana yi musu maganar gobensu, ko da wani lokaci ana haɗawa da ƙarya. Bulus da kuke ambato maɗinkin tanti ne, shi ne kuma ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Ina so Baba Fasto Ayuba ya gaya mana, cikin kuɗin da ake tarawa a shekara a ikilisiyarsu, nawa ne yake komawa ga jarin matasa da gwauraye, nawa ne kuma yake tafiya ga gini da hedkwata.